Waɗanda Suka Gama Jira

Zauren ya samo asali ne daga bencin katakon da ke barandar sashen wankin ƙoda. A nan masu jinya suke zama, kowa da jakar majinyacinsa a cinya, suna jiran inji ya gama aikinsa a bayan ƙofar gilashi. Malama, wadda take koyar da lissafi a makarantar sakandare, ita ce ta fara cewa tun da kullum tambayoyin da suke yi wa juna ba sa sauyawa, wane inji ne yake aiki yau, wane kantin magani ne yake da allurar ƙarin jini, ai gara su haɗa lambobinsu wuri guda a waya. Ita ta buɗe shi, ta sa masa suna Zauren Masu Jira, makullin kuma ya zauna a hannunta. Ita take shigar da sabon zuwa, ita take korar mai tallan maganin da yake warkar da kowace cuta.

A wancan lokacin maigidanta yana raye, Talata da Juma'a ne ranakunsa. Yanzu ya haura shekara da rasuwa, amma makullin bai bar hannunta ba. Da ta idar da sallar asuba ta shafa addu'a, wayar take fara ɗauka.

Zauren yana da al'adarsa da ba wanda ya rubuta ta. Idan aka ɗora majinyaci a kan inji, mai jinyarsa zai rubuta, mun shiga. Idan aka sauke shi, ya rubuta, mun fito. Ranar da kuwa wani ya shiga bai fito ba, ko ya cika a gida tsakanin wanki da wanki, to kowa sai ya yi ta'aziyya da sunansa, domin ba mai son a duba a ga babu nasa. Waɗanda aka yi wa rasuwar kuma ba sa fita. Da fari suna tsayawa ne su amsa gaisuwa, daga baya su tsaya saboda sabo. A hankali a hankali, har suka kusa kai rabin zauren.

Wata Litinin da yamma babbar ma'aikaciyar jinya ta kira Malama ta ce na'urar tace ruwa ta sami matsala, don haka masu wankin safiyar Talata su bari sai Laraba. Malama ta rubuta sanarwar yadda ta saba, a taƙaice, ta aika. Ko ajiye wayar ba ta yi ba sai ga sanarwar rasuwar wani dattijo da kowa ya sani. Nan take ta'aziyya ta ɓarke kamar ruwan sama, ta binne sanarwar asibiti.

Akwai wani direban motar haya mai dogon zango da yake jinyar mahaifiyarsa. Shi ba ya duba waya sai ya kashe mota. Da ya buɗe ya ga saƙonni sun taru jibgi, sai ya tsallake zuwa ƙasa, ya ga rasuwa ce, ya rubuta tasa addu'ar ya rufe. Da safe ya fasa lodi, ya ɗauko tsohuwar daga can bayan gari, ya goya ta ya hau bene da ita, ya tarar da ƙofar gilashin a kulle.

Malama tana ɗakin malamai tana duba takardun gwaji da jan biro lokacin da saƙon muryarsa ya shigo. Ta rage ƙarar, ta kara wayar a kunne. Ana jin haki a muryarsa, da kukan wata mota a bayansa.

“Malama, da girmanki da komai, ina so ki gaya mini, zauren nan na masu jinya ne ko na zaman makoki? Tsohuwa ga ta nan a mota, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ku da kuka gama, Allah ya ƙara muku haƙuri, amma ku matsa mana. A raba zauren nan, ku yi naku, mu yi namu.”

Ta ajiye wayar a kan takardun. Ku da kuka gama. Ta daɗe tana kallon amsar wani yaro da ta riga ta duba, ba ta iya tuna ko daidai ta ba shi ko kuskure ba.

Kwanakin da suka biyo baya zauren bai huta ba. Wani ma'aikacin banki ya ce abin bai kai ga haka ba, ai ana iya manna sanarwa a saman zaure yadda ba abin da zai binne ta. Direba ya ce a manna, amma wa zai manne masa zuciya idan ya buɗe waya da safe don ya ga ko inji yana aiki, ya fara cin karo da likkafani? Wasu daga cikin waɗanda aka yi wa rasuwa suka ji zafin maganar, suka ce yau su ne aka mayar kayan nauyi, bayan su suka koya wa rabin zauren yadda ake kashe ƙishirwar majinyaci da ɗan ƙanƙara, da yadda ake kare hannun da aka yi wa aikin jijiya kada a danne shi cikin barci. Wani tsoho mai gyaran agogo, wanda matarsa ta riga maigidan Malama tafiya, ya aiko da murya yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi dai a saninsa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ga shi yau ya zama. Kowane ɓangare idan ya gama zuba nasa, da magana ɗaya yake rufewa: Malama ce mai makulli, ita za ta yanke.

Ita kuwa sai karanta saƙonnin take yi. Tana karantawa a cikin motar haya, tana karantawa tsakanin darasi da darasi, idanunta suna yaji. Abin da ya fi gajiyar da ita shi ne kowa yana da gaskiya. Kuma ta sani, ko da ba ta furta ba, cewa idan aka raba zauren, ita ba ta cikin masu jira.

'Yarta ce ta faɗe shi a fili, ran Alhamis, suna tsaye a ɗakin girki. Ta ga uwar tana juya miya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, sai ta ce a hankali, Umma, ke fa yanzu ba ki da majinyaci. Malama ta ce ta sani, a miƙo mata gishiri. Sai da ta karɓa ta lura cewa har yanzu ɗan kaɗan take zubawa, irin na lokacin da likita ya hana, alhali ba wanda ya rage a gidan da aka hana wa gishiri.

Ran Juma'a bayan an tashi daga makaranta ta sauka a mararrabar asibiti, kamar yadda take yi mafi yawan Juma'o'i da Talatoci. Tana kiran abin zuwa gaisuwa. Barandar tana nan yadda take: warin maganin goge ƙasa, ma'aunin nauyi a bakin ƙofa, fankar da take juyawa ba iska. A ƙarshen benci ta tarar da aminiyarta mai ɗinki, wadda suka fara zaman barandar nan tare, mijinta kuma har yanzu yana kan inji. Tana riƙe da wata riga tana kama mata baki da allurar hannu. Ta matsa, Malama ta zauna.

Kusa da su akwai wata yarinya da zauren yake kira Auta, don ita ce ƙarama a cikinsu, mijinta kuma bai daɗe da fara wanki ba. Ba ta taɓa ganin Malama ido da ido ba. Da aka gaya mata ko wace ce, sai ta rusuna ta gaishe ta da fara'a, ta gode mata bisa shawarar ƙaramin kofi, ta ce tun da ta sauya masa kofi ya daina yi mata rigimar ruwa. Sannan ta tambaya, cikin ladabi, wace rana ce ta Baba, don ba ta taɓa ganin Mama ta rubuta mun shiga ba.

Mai ɗinki ta soke allurar a rigar ta bar ta. Malama ta ce Allah ya yi masa rasuwa bara. Auta ta yi addu'a yadda ya kamata, ba ta rage komai ba. Amma sai ta sake tambaya, muryarta ta yi ƙasa, shekara nawa ya yi yana wankin. Da aka gaya mata, Malama ta ga leɓɓanta suna motsi. Malamar lissafi ce, ta san fuskar mai yin lissafi a zuci. Jim kaɗan yarinyar ta ce bari ta leƙa ko an kusa sauke shi, ta tashi ta tsaya a jikin gilashin, ba ta dawo bencin ba.

Daga baya Malama ta tambayi aminiyarta ra'ayinta game da rabuwar, don ita kaɗai ce ba ta tofa komai a zauren ba. Mai ɗinki ta fara kewaye-kewaye, ta ce Direba bakinsa ba linzami, ta ce ai zo mu zauna zo mu saɓa ne. Malama ta ce ba wannan ta tambaye ta ba.

“Yaya, kin san ba ni da kamarki a nan,” in ji mai ɗinki, idonta yana kan rigar. “Ranar da jininsa ya faɗi, ke kika riƙe ni a kan bencin nan. Amma wallahi duk safiyar da na ga sunanki a zaure, gobena nake gani. Ina son ki, kuma ina tsoron ganinki. Ki yafe mini.”

Malama ta ce ba abin yafewa. Ta gyara mayafinta, ta tambaya ko an samo wa mijin aminiyar tata bargo mai kauri, don injin kusa da taga yana sa sanyi. Mai ɗinki ta ce an samo. Da Malama za ta tafi, ta tsaya a bakin matakala ta riƙe ƙarfen, sannan ta sauka.

Washegari ta nemi rumfar mai gyaran agogo. Wata 'yar akwatin gilashi ce a gefen titi, tsakanin mai faci da mai sayar da caja, cike da agogunan da masu su suka manta da su. Tsohon ya cire madubin da ke manne a idonsa, ya share mata kujera da hularsa, ya ce yau shugabar korarru ce da kanta ta zo duba talakawanta. Ta yi murmushi duk da ba ta so.

Ya ce shi ba rabuwar ce take damunsa ba, don ko a kan benci ma an saba kowa ya matsa wa wani. Abin da yake so ta gaya masa shi ne wa zai riƙa kwashe mutane daga wannan zaure zuwa wancan. Ya ce ta dubi abin da kyau: mace ta dawo daga binne mijinta, ko ruwa ba ta sha ba, ta buɗe waya ta ga an rubuta cewa Malama ta cire ta. Sauran kuma ba sai an yi musu sanarwar mutuwa ba, da sun ga an cire wance sun san abin da ya faru.

“Mala'ikan mutuwa ya ɗauki nasa, ke kuma ki bi baya ki ɗauki saura,” in ji shi. “Wannan aikin kike nema da tsufanki, 'yata?”

Ta ce ba ta nema ba, Baba. Ya ce to, kuma idan an tara su a sabon zauren, hirar me za su yi? A tsohon zaure ko ba komai ana tambayarsa yadda ake yi da ɗaurewar jijiyar ƙafa idan inji ya ja ruwa da yawa, ya ba da amsa, ya ji shi ma mutum ne. Ya mayar da madubin idonsa, ya buɗe bayan wani agogo, ya daɗe yana kallon cikinsa ba tare da ya taɓa komai ba. Can ya ce, shi fa har yau ba ya karɓar aiki ranar Talata da safe, kuma ba ya iya gaya wa kowa dalili.

Ta koma gida a ƙafa, duk da nisan. A hanya ta yi ta juya maganganun biyu, ta aminiyarta da ta tsohon, ta ga ba wadda za ta ajiye ta ɗauki ɗaya. Ta kuma ga wani abu da ta daɗe tana kauce wa kallonsa. Ta sha gaya wa kanta cewa don Allah take riƙe da zauren, kuma tana fatan akwai wannan a ciki. Amma akwai kuma wata mace da ba ta san yadda ake yin Talata ba tare da barandar nan ba, ita ce take riƙe makullin da hannu biyu.

Ran Lahadi bayan la'asar, tana zaune a kan dardumarta, ta rubuta wa zauren. Ta goge ta sake har sai da maganar ta tsaya yadda take so. Ta ce za a buɗe zaure na biyu. Na farko zai zauna na masu jinya, na sanarwar asibiti da tambaya da mun shiga da mun fito. Idan an yi rasuwa, mai makulli zai faɗa sau ɗaya, duk mai son yin ta'aziyya ya tsallaka zaure na biyu ya yi, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, haka ma mai tambayar da yake son tsofaffin hannu su amsa masa. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ba za a cire kowa ba. Wanda aka yi wa rasuwa zai zauna har ranar da ya ji zai iya, sannan ya fita da ƙafarsa. Makullin zauren farko kuma ta miƙa shi ga mai ɗinki da Direba.

Amsoshi suka fara shigowa. Ma'aikacin banki ya ce tsarin ya yi. Wata da ta rasa ɗanta ta ce kora ce dai aka shafa wa mai. Direba ya kira ta kai tsaye, muryarsa a sanyaye, ya ce shi fa Mama ba da ita yake ba, ita ai uwar zaure ce, ta zauna abinta, sauran yake nufi. Ta ce masa sauran su ne ita. Ta tambayi jikin tsohuwa, ya ce kumburin ya sauka. Ta ce ya riƙa kiran babbar ma'aikaciyar jinya da kansa kowace Litinin, kada ya jira a kira shi, kuma idan mai tallan magani ya dawo da sabuwar lamba, zai gane shi da yawan alhamdulillahi a farkon saƙo. Direba ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce Allah ya saka.

Ta san ba wanda zai motsa idan ba ita ta fara ba. Ta buɗe zauren, ta gangara ƙasa inda aka rubuta fita da jan rubutu. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta yi bisimilla ta danna, sannan ta kifa wayar a kan darduma ta ci gaba da jan carbinta daga inda ta tsaya.

Kafin magariba mai gyaran agogo ya biyo ta, sai wasu, ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su fito ba, kuma ba wanda ya ce musu komai. Sabon zauren ba ta iya sa masa suna ba, ta bar shi da Zaure na Biyu. Aka yi sallama, aka amsa, daga nan kowa ya yi tsit, kamar baƙin da aka tara a falo mai gida bai fito ba.

Ran Talata ta idar da sallar asuba ta ɗauki wayar, ta tarar ba komai. A daidai wannan lokacin, ta sani, wani yana rubuta mun shiga a inda ba za ta gani ba. Ta yi musu addu'a a jumlace, tun da yanzu ba ta san waye a kan inji ba. A makaranta ta koyar da darasinta, ta duba takardu, ta sha shayinta da zafinsa, abin da ta manta rabon da ta yi. Da aka tashi ta shiga motar haya. Da suka iso mararrabar asibiti, yaron motar da ya saba da ita ya buga ƙofa don direba ya tsaya. Ta ce masa a wuce.

Ta isa gida rana tana sama, gidan ba kowa. Ta zauna a bakin gado da takalminta a ƙafa, ba ta san abin da ake yi da wannan yammacin ba. A nan wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Mai gyaran agogo ne a Zaure na Biyu, ya rubuta da kansa, ba murya ba:

“Jama'a, tambaya gare ni. Wai me mutane suke yi ranar Talata?”

Can wata ta ce ita wanki take tarawa. Wani ya ce shi barci yake ƙoƙarin yi, ba ya zuwa. Malama ta daɗe tana riƙe da wayar. Shekaru ke nan duk tambayar da aka jefo a zaure ita ake jira ta amsa, kuma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Ta rubuta, Ban sani ba tukuna, Baba. Ta aika, sannan ta sunkuya ta fara kwance igiyar takalminta.